Har In Ce Ya Isa

A garinmu an yi wani mutum, Nomau. Gidansu ɗaki biyu ne da bishiyar dalbejiya, ko darbejiya, yadda wasu ke cewa. Shi da yayarsa Tasalla kaɗai ke ciki. Ita ke saƙa rigunan sanyi na zaren ulu, ita ke dafa masa, ita ke tuna masa ya ci. Shekarar da nake magana, na manta wace ce, ciwo ya kama ta a ciki, kuma ta san ba mai tashi ba ce. Ba mutuwar ke damunta ba. Ta ce mini, "Malam, in na tafi, wa zai gaya wa wannan ya tashi da safe?"

Wata rana abokinmu Jatau, wanda ya yi shekaru yana dafa wa Sinawa masu aikin titi abinci, ya ce mu taru a gidan mu yi irin girkinsu, ko bakinta zai buɗe. Ya zo da faffaɗan kasko, da taliya, da citta, da wani baƙin ruwa mai gishiri a kwalba. Ya miƙa wa Nomau kabeji da wuƙa, ya ce, "Yanka." Nomau ya fuskantar da kabejin gabas, ya taka shi da ƙafa, ya yi bisimilla, sai ya tsaya. "Jatau, ina wuyan?" Muka yi dariya. Tasalla ma ta fara, ciwon ya tare ta.

Da abinci ya nuna, Jatau ya ce Sinawa da tsinke biyu suke ci, a samo masa. Nomau ya shiga ɗaki ya fito da tsinken saƙar yayarsa, ya zare su daga rigar da ta yi wata biyu tana yi. Kafin mu ankara, rabin aikin ya warware. Jatau ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, sarkin aiki." Tasalla ba ta yi faɗa ba. Ta ci loma biyu don kada mu ji kunya, ta ture kwanon, ta ce, "Tunda ka iya riƙe su, zo ka zauna."

Wata rana, bayan hannunsa ya ɗan faɗa, ta fara koya masa saƙa mai tufka, wadda ke fitowa kamar igiya a gaban riga. Kowane madaukin zare ido take ce masa. Ta ce, "Ka sa ido uku a baya, su jira 'yan'uwansu su wuce." Barci ya ɗauke ta. Da ta farka bayan la'asar, ta tarar da shi zaune, saƙar a bayansa. "Yaya, har yanzu ba wanda ya wuce." Ta juya fuskarta bango. Ina wurin, na ga kafaɗarta tana rawa, ban san ko dariya ce ba.

Wata rana aka zo da mota za a kai ta asibitin birni. Nomau ya ce zai bi. Don ta zaunar da shi, ta miƙa masa tsinken ta ce, "Yi ta saƙa har in ce ya isa." Kwana tara aka yi, aka dawo da ita aka rufe.

Bai daina ba. Abin ya wuce riga, ya wuce mayafi, ya cika buhu. Mata suka riƙa kawo masa tsofaffin riguna yana warwarewa. Jatau, wanda ke da wayo, da aka yi masa rashin matarsa ya kwanta, bai ƙara kunna wuta ba har ya bi ta. Nomau kuwa kullum yana tashi da asuba, yana dafa taliya da kabeji, don ya ce hannu mai yunwa yana sakin ido.

Dangi suka ce in je in raba shi da wannan hauka. Na je, na ce, "Nomau, ya isa."

Bai ɗago ba. "Ba kai ka ce in fara ba, Malam. Riƙe mini zaren."

Na riƙe.