Hular Jazuli a Kan Kasko

Ƙafafunsa na fara gani kafin fuskarsa. Wata Laraba ce Yaya Sagir ya aike ni gareji in karɓo masa makullin motarsa, na iske ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar jar mota, ɗaya da silifa, ɗaya babu. Na yi sallama sau biyu. Ƙafafun suka amsa, suka ce in miƙo sifana mai lamba goma sha uku. Na miƙa wadda ta fi kusa da hannuna. Mai ƙafafun ya turo kansa waje don ya ga wane ne wannan da bai san goma sha uku ba, yana ganina ya miƙe a gigice har ya gwara goshinsa da ƙofar motar. Sunansa Jazuli, abokin Yaya ne.

Daga ranar ya fara zuwa gidanmu gaida Yaya, ko da Yaya ba ya nan. Cikin wata bakwai sau biyu yana tambayata ko ya turo magabatansa. Duk sau biyun na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Ba ƙi nake yi ba. Amsar tana nan, na sha faɗa wa madubi ita, har da kwanukan wanke-wanke. A gabansa ne kawai take maƙalewa.

Jar motar nan tasa ce, shekara guda yana ɗinkinta don tseren da wata ƙungiyar masu son mota take shiryawa sau ɗaya a shekara, a wani fili da ke bayan gari. Ba irin wasan motar ɗaurin aure ba ne da samari ke tayar wa mutane hankali a titi. Tsofaffin tayoyi ake jerawa, kowa ya shiga shi kaɗai, a duba agogo a ga wanda ya fi sauri. Dokarsu babba guda ce: ba mai taɓa sitiyari sai an duba hular kwanonsa an yarda da ita. Babur ɗinsa Jazuli ya sayar ya sayi tasa, wani direba ya kawo masa ita daga Ikko. Ranar Juma'a ya kawo ta gidanmu ajiya, don a gareji kowa sai ya gwada ta ya ɗauki hoto.

Da la'asar na buɗe jakar in gani. Hula ce mai kyau, baƙa wuluk, amma ta hannu ce, kuma wanda ya fara amfani da ita bai san sabulu ba. Mu kuwa a gidanmu turaren wuta Umma take haɗawa tana sayarwa, ko tsumman goge tebur ba ya kwana bai sha hayaƙi ba. Na ce wa kaina, abin da baki ya kasa faɗa, bari hannu ya faɗa.

Na fara da wata 'yar takarda mai sheƙi da aka liƙa a ciki, mai lambobi da ƙananan rubutu. Kowace mace ta san ba a kai wa mutum kwano da takardar kanti a gindinsa. Na jiƙa ta da kananzir, na kankare ta da cokali tas. Sannan na zuba garwashi a kasko, na ɗebo mai tsadar nan na amare da Umma take ɓoyewa a saman sif, na kifa hular a kai. Ta rufe kaskon ruf kamar don shi aka ƙera ta. Can na ji wani wari-wari kamar ana ƙona leda. Na ce tsohon gumi ne yake fita. Na ƙara garwashi.

Asabar da hantsi ni da Yaya Sagir muka isa filin, jakar na hannuna. Jazuli ya karɓa bai ko buɗe ba, ya shiga layi, muna biye da shi. A ƙarƙashin wata rumfa wani dattijo yake zaune da tebur da 'yar tocila, Baba Ishaya, tsohon direban tsere, shi ne mai duba huluna. Aka ce da ƙarfe goma sha ɗaya yake rufe littafinsa, kuma ko ɗan cikinsa ne ba ya sake buɗewa.

Na farko a layin ya ajiye hular 'yan gini, ruwan ɗorawa.

"Bulo za ka ɗauka?" in ji Baba.

"Ai ita ma kai take karewa, Baba."

"Tana karewa, in mota daga sama za ta faɗo maka. Wuce."

Na biyu ya kawo ta 'yan acaɓa, an ɗaure tsagewarta da salatif, ya rantse sau uku yana faɗuwa da ita bai ji komai ba. Baba ya ce ai ita ta ji, ya bar ta ta huta. Na uku wani Alhaji ne mai jiki, hularsa sabuwa fil, sai dai ya sa an rarake cikinta da wuƙa don zannarsa ta samu wurin zama, wai shi ba ya fita bainar jama'a kai babu hula. Yaya Sagir ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, ina cewa a raina mutane dai ba su san darajar kaya ba.

Aka zo kan Jazuli. Yana zuge jakar ƙamshi ya cika rumfar. Alhajin da aka kora ya dawo da baya yana tambaya ko ana kamun amarya ne a kusa. Baba Ishaya ya ɗaga hular, ya shinshina, ya juya ta, ya haska cikinta da tocila. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tura babban yatsansa, yatsan ya shige kamar cikin tuwo.

"Ɗana, ka san abin da ke cikin nan?"

"Soso ne, Baba."

"Farin soso mai tauri. Shi ne hular, wannan baƙin na waje riga ce kawai. In ka bugu, shi yake murƙushewa a madadin ƙwaƙwalwarka. Naka ya riga ya narke, ya koma ƙanzo. Ina kuma tambarin da ke nuna an gwada ta, da shekarar da aka yi ta?"

Jazuli ya leƙa. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

"Ni na cire, Baba. Ni na turara ta."

"Kai?"

"Ni."

Baba ya kamo hannunsa, ya duba faratansa da baƙin mai ya zauna a ciki, ya shinshina hannun rigarsa.

"Kai da kake warin giris tun daga bakin ƙofa? To faɗa mini, wane irin turare ne?"

"Na... na tsinke."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Na tsinke? Sandal ne da farce da gabgab, kwana arba'in Umma ta jiƙa shi."

Rumfar ta kwashe da dariya. Yaya Sagir ya zare hularsa ya rufe fuska da ita, ya ce shi bai san ni ba, rage mini hanya kawai ya yi. Baba Ishaya kaɗai bai yi dariya ba. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"'Yata, ya sunanki?"

"Hindatu."

"Hindatu, minti nawa ta yi a kan wuta?"

"Har aka kira magariba, Baba."

"Takardar fa?"

"Na ga kamar ta farashi ce."

Ya gyaɗa kai, ya tura hular gefe, kusa da ta 'yan gini. Ya duba agogonsa, saura minti goma. Daga inda nake ina hango jar motar, an wanke ta, an liƙa mata lamba a ƙofa. Shekara guda yana kwance a ƙarƙashinta, ga babur ya tafi, ni kuma na gama da komai tsakanin la'asar da magariba. Jazuli ya ce mini kada in damu, baɗi ma rana ce, yana murmushin da bai kai ido ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yaya Sagir ya zaga wurin sauran direbobi neman aro, ya dawo hannu wofi. Kowa tasa na kansa, kuma an riga an rubuta lambar kowace hula da sunan mai ita. Sai wani ya ce ai Baba yana da tasa a ƙarƙashin tebur. Baba ya harare shi, amma ya jawo ta ya ɗora. Fara ce, tambarinta na nan daram. Ya auna kan Jazuli da igiyar awo irin ta tela, ya ce daidai take.

Jazuli ya miƙa hannu. Baba ya dafe hular.

"Kana da iyali?"

"A'a, Baba."

"To ba na ba gwauro hulata. Shekara talatin ina filin nan. Mai iyali in ya hango kwana yana tuna gida, ya taka birki. Gwauro kuwa 'yan kallo yake tunawa. Hula biyu gwauraye suka fasa mini."

"Baba, ai na kusa."

"Kowa haka yake cewa. An sa rana?"

"Ba a sa ba."

"An tambaya?"

"Ni dai na tambaya." Ya ɗan juyo wajena, ya fasa. "Sau biyu."

Baba ya bi inda idon ya so zuwa, ya same ni ina murɗa bakin mayafi. Ya dubi hular da ta narke, ya sake dubana, ya dubi Jazuli kamar likita na duban marar lafiya.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Baba."

"In ta faɗa da bakinta a gaban yayanta, ga hula, saura minti uku. Amma ɗana, ka yi tunani tukuna. Waccan hular da guduma aka gwada ta, aka sako ta daga sama, aka ja maɗaurinta da inji, duk ta tsallake. Yamma ɗaya ta yi a hannun yarinyar nan. Kai da ba wanda ya taɓa gwadawa, kan naka za ka ɗauka kacokan ka kai mata?"

Kowa ya juyo yana kallona. Na saki mayafin.

"Ba shi hular, Baba. Ya turo magabatansa Juma'a mai zuwa. Shi kam, na yi alkawari garwashi kaɗan-kaɗan zan riƙa sa masa, ya daɗe."