Shingen da Ya Fi Kowa Tsawo

A wani daji da ake kira Kurmin Gayya, inda dabbobi suka gaji da cin juna suka koma noma, akwai wasu dawaki goma sha ɗaya, gajeru masu faɗin ƙirji, irin waɗanda ake ce wa kuru. Na kowa ne, ba na wani ba. Da kaka su ke kwaso amfanin gona zuwa rumbuna, sauran shekara kuwa suna cikin wani fili da aka zagaye musu da shinge. To, wannan shingen shi ya hana majalisar dajin sakat har shekara uku, domin ba a kwana huɗu dawakin ba su fice ba. In sun fice kuwa, ta cikin gonakin wake suke ratsawa a guje, su bar masu gona da salati.

Mai tsaron ƙofar filin wata tsohuwar akuya ce, Inna Tabawa, mai ƙaho ɗaya da rabi. Shekararta goma sha biyu a kan aikin, bukkarta tana jikin ƙofar, kuma duk faɗin duniya ba ta da wani wurin sa haƙarƙari sai nan. Ko sau ɗaya ba a taɓa samun ƙofarta a buɗe ba. Amma kun san halin majalisa: in abu ya ɓaci ba a neman inda ya ɓaci, wanda ba shi da kowa ake nema.

Sarkin Shinge kuwa raƙumin dawa ne, Malam Dogara. Duk ranar da dawaki suka fita, sai ya zo ya tsaya, ya leƙo shingen daga sama, ya girgiza kai, ya ce ai gajere ne. In abin ya ishi jama'a, sai a yi gayya a ƙara masa hawa ɗaya. A haka aka kai hawa shida, har tsuntsu sai ya sauka ya huta a kai kafin ya ƙetare. An kafa kwamitin bincike, an kuma kafa wani don ya binciki abin da ya hana na farkon kawo rahoto. Dawaki dai ba su fasa fita ba.

Ana nan, ran nan suka bi ta gonar Bauna, shugaban majalisa, suka maida ita kamar filin dambe. Kafin azahar an buga gangar taro a gindin tsamiya. Malam Dogara ya miƙe, ko da yake shi kullum a miƙe yake, ya yi gyaran murya ya ce:

"Ranka ya daɗe, jama'a, ni ba na son yabon kai, amma duk dajin nan babu wanda ya kai ni hangen nesa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na duba shingen nan gabas da yamma, ban ga aibinsa ba sai dai yana son hawa na bakwai. In kuwa shinge ba shi da laifi, to me ya rage a jikin fili? Ƙofa. Wa ke tsaron ƙofa? Ni ban kama sunan kowa ba."

Duk ido ya koma kan Tabawa. Ta taso, ta ce ita dai ta lura gara ta cinye gindin shingen ta yamma, kuma doki gajere ba ya bukatar tsalle in akwai hanya ta ƙasa. Malam Dogara ya ce bai ji abin da ta faɗa ba, kuma gaskiyarsa ce, don tsakanin bakinta da kunnensa akwai tafiya. Bauna, wanda takaicin wakensa bai sake shi ba, ya yanke hukunci nan take: a ƙara hawa na bakwai, sannan in aka sake samun doki ko ɗaya a waje, a ƙetarar da Tabawa rafi. Kowa ya san abin da ke ƙetaren rafi. Can ne kurayen da suka ƙi noma suke zaune. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Tabawa ta koma bukkarta tana kuka, don tsoro ya kama ta ƙwarai. Da ta gaji da kukan sai ta ce wa kanta ruwa ba ya tsami banza. Maimakon ta zauna a bakin ƙofa kamar kullum, sai ta shiga cikin filin ta kwanta a inuwa tana kallon dawakin. Ciyawa ga ta nan har gwiwa, ruwa ga shi a kwatarniya, amma ba sa ci da marmari. Wannan na lasar ƙasa, wancan na gwaguyar itacen shinge, duk gashinsu ya yi cuku-cuku. Ta gane akwai abin da suka rasa, don duk akuya ta san irin wannan kwaɗayin.

Da la'asar ta yi, ta ga babbar goɗiyarsu, wadda ake kira Gunya, ta nufi yamma ta durƙusa a bakin wani rami a gindin shingen. Tabawa ta sha gabanta.

"'Yar nan, in kika fita, ni ce abincin kuraye. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, me kuke nema a gonakin mutane?"

"Inna, wa ya ce miki wake muke ci? Ki je ki duba, ko ganye ɗaya ba mu taɓa tsinka ba. Hanya ce kawai ta bi ta nan. Tafkin kanwa muke zuwa, mu lasa mu dawo."

Sai a lokacin Tabawa ta tuna. Da can busasshen tafkin nan mai farar ƙasa a cikin filin yake. Shekara uku da suka wuce Malam Dogara ya leƙo daga sama ya ce shingen ya karkace, ba kyan gani, aka miƙar da shi sambal, tafkin ya koma waje. Ta tambayi Gunya me ya sa ba su taɓa faɗa ba. Gunya ta ce shekara uku ana taro a kansu, ba a taɓa kiran ko ɗayansu ba. Ta yi alkawarin za ta riƙe 'yan uwanta kwana biyu saboda girman Inna, amma bayan haka ba ta da iko da ƙafar kowa.

Kwana biyun nan Tabawa ba ta zauna ba. Ta bi bayan wani dutse da ɗingishinta, ta gano wata doguwar hanya da ba ta taɓa gonar kowa. Ta jawo mangalolin da ake kwasar hatsi da su, ɗaya bayan ɗaya. Ta san in ta kai maganar majalisa, kafin kwamiti ya zauna kuraye sun gama suɗe ƙashinta. A rana ta uku da hantsi, ta yi bisimilla, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha biyu: ta wangale ƙofar da kanta, ta shige gaba, dawaki suka bi ta.

Zomo ne ya fara ganin fili wayam, ya kwasa a guje ya kai labari. Kafin ka ce kwabo dajin duka ya hallara a bakin ƙofa. Malam Dogara ya ce shi dama ya faɗa, ga shinge nan lafiya lau da hawa na bakwai da aka ɗora jiya, ga kuma ƙofa a buɗe, gani ya kori ji. Bauna ya sa a nemo igiya. Har an fara gardamar wanda zai raka ta bakin rafi, don kowa ya ce ƙafarsa na ciwo, sai aka ji takun kofato daga bayan dutse.

Ga Tabawa a gaba tana ɗingishi, gemunta fari fat da kanwa. Ga Gunya a bayanta, ga sauran goma a jere, kowanne da mangala shaƙe da farar ƙasa. Ba igiya, ba bulala. Suka ratsa taron, suka shige filin da ƙafarsu, suka juye kayan a tsakiya suka hau lasa. Tabawa ta juyo ta fuskanci majalisa ta ce:

"Ranka ya daɗe, ni na buɗe, ban ɓoye ba. Ga dawakinku goma sha ɗaya, a ƙirga. A aika a duba gonaki, in an taka ko kara ɗaya ni da kaina zan shiga rafin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ɗakin ta ƙasa yake yoyo. Kanwa suke nema, ga ta na kawo musu. Ƙofar nan ba zan rufe ta ba. Ku zauna ku gani, in ɗaya ya fita, ga wuyana ga igiyarku."

Aka zauna. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ba dokin da ya ko kalli ƙofar. Da suka ƙoshi sai suka bazu suna cin ciyawa kamar yau suka fara ganinta, wasu na birgima. Matan zomaye ne suka fara rangaɗa guɗa, sai dajin ya ɗauka gaba ɗaya. Masu gonakin wake suka ɗaga Tabawa sama suka zagaya filin da ita, tana dariya tana cewa su sauke ta kada su ƙarasa mata rabin ƙahon. Daɗin da ta ji ranar bai misaltuwa, kuma a bukkarta ta kwana.

Majalisa ta keɓe ta yi shawara, ta fito da sanarwa. An tabbatar, in ji ta, cewa tun da aka ɗora hawa na bakwai ba dokin da ya tsallake shinge, don haka an naɗa Malam Dogara Garkuwan Fili. Ita kuwa Tabawa, saboda tsufanta, an yafe mata laifin buɗe ƙofa. Ta durƙusa ta yi godiya, ta tashi ta tafi gyaran mangala, don duk sabon wata sai ta ja ayarinta sun ɗebo kanwa.

Bana ma an yi gayya an ƙara hawa na takwas, kuma kowa ya shaida shingen yana aiki. Da wani baƙo ya tambayi Garkuwan Fili me ya sa ƙofar take a buɗe, sai ya ce shi daga inda yake bai ga wata ƙofa ba.