Yadda Za Ka Gina Duniyar Wasa Mai Gaskiya Har Kowa Ya Gudu

Kai ne mai riƙe labari a wasan nan da ake zagaye tebur, kowa da jaruminsa, kai kana faɗin yadda duniyar take, ƙwayar lido tana yanke hukunci? To ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba wanda zai sake cewa duniyarka ba ta kama hankali. Ni na gwada a falona duk ranar Asabar, a kan abokaina Dogo da Tela da kuma ƙanwar matata.

Mataki na 1: Raina littafin dokoki

Littafin ya ce idan an sari jarumi, barci ɗaya ya warke. A wane asibiti? Soke wannan. Da aka sari jarumin Dogo a cinya, kwantar da shi na yi. Dogo ya yi makonni yana zuwa gidana, in zagaye ya zo kansa in ce, "Ka juya ɗaya gefen, ciwon na ƙaiƙayi." Ya ce, "Shi ke nan abin da zan yi yau?" Na ce zai iya yin nishi.

Mataki na 2: Auna komai

Tela ya ce jaruminsa na ɗauke da takubba, da garkuwa, da tsani. Kada ka yi musu da irin wannan. Shiga kicin ka ɗauko tukunyar gas, ka ɗora masa a kafaɗa, ka ce ya zagaya kujeru da gudu. Tun daga ranar jaruminsa da sanda kawai yake yawo, shi kuma Tela bayansa bai koma daidai ba. Ilimi dama ba ya shiga sai da ɗan ciwo.

Mataki na 3: Tambayi abin da dodo yake ci

Sun matsa sai sun yaƙi dodon da ke kan dutse. Bar su su yi ta tafiya har takalma su tsinke. Kai dai zauna ka yi tunani: halitta mai girman bene, shanun wa take ci? Da suka isa kogonsa, ƙasusuwa suka tarar. Yunwa ta kashe shi tun kafin a haife su. Dogo ya ce, "To mu me muka zo yi?" Na ce su ma mutanen gaske haka suke tambaya.

Mataki na 4: Doka ba ta san dangi ba

Ƙanwar matata ta fi kowa son jarumarta, wata maharbiya da ta zana da hannunta, har tabon goshi ta yi mata. Ran nan ta ce maharbiyar ta durƙusa ta sha ruwan rafi. Na ce, "Kin tafasa?" Ta ce a'a. Na miƙa mata ƙwayar, ta jefa, ɗaya ta fito. Gudawa.

Ta ce, "Yaya, ba dai kashe ta za ka yi ba."

Na ce ba ni ba ne, rafin ne.

Ta naɗe zanen a hankali ta sa a jaka. Ta ce, "Duk mako a ofis dokar wani nake bi. Nan ne kaɗai nake zuwa in zama wata." Idan ka ji irin wannan magana, duba takardunka. Tausayi shi ke lalata duniya mai tsari.

Mataki na 5: Kare naka

Za su nemi ramuwa. Tela ya tuna cewa tsohon masanin nan da nake magana da bakinsa, mai yi musu jagora, shi ma ya sha daga rafin. Ya ce, "Jefa masa mu gani." Na jefa. Ɗaya. A nan ake gane gwani: ka ce ƙwayar ta taɓa kofin shayi, jifar ba ta ƙirgu ba. In ɗaya ta sake fitowa, ka ce cikin tsoho ya saba da ruwan yankin. Falon ya yi tsit. Wannan shirun girmamawa ne.

Mataki na 6: Ci moriyar aikinka

Yanzu duniyata ba ta da kuskure ko ɗaya, kuma ba mai shigowa ya ɓata ta. Ni kaɗai nake zama in jefa ƙwaya in ga ko za a yi ruwa.

Su kuma sun koma teburin kicin, matata ke riƙe musu labari. Ba ta taɓa buɗe littafin ba. A duniyarta akwai jaki mai magana, kuma ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Ranar da jakin ya faɗa rami ya ce su tafi su bar shi, ta jikin ƙofa na ji Dogo, ƙato da gemu, yana jan hanci. Na leƙa don in gaya musu maƙogwaron jaki ba ya iya furta kalma. Matata ta turo kujera da ƙafa, ta ce, "Zauna, jakin na bukatar murya."

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a ciwon baya, ko gabar dangi, ko shayin da ya huce a kofunan da ba mai sha. Idan kuma aka ba ka jaki ka ji daɗinsa, kada ka kawo mini ƙara ranar Asabar. Ina cikin rami, ana neman igiya.