Maki Talatin da Ɗaya na Halak

Jama'a, Litinin ɗin nan ban fito da sa'a ba. Ina cikin layin mai, na tura babur har gumi ya jiƙa mini riga, sai ga waya daga makaranta: an kama autana da satar amsa, in zo yanzu. Na bar babur wurin mai faci na taka da ƙafa da sauri, don na san dokar da masu girma na ofishin sama suka aiko: duk yaron da aka kama, kora ce, ba sani ba sabo.

Allah ya ƙara wa manyan nan basira. Su ne suka sayo na'urar laluben aljihu don maganin satar amsa, aka yi bikin ƙaddamarwa har da ɗaukar hoto. Tana nan a ofishin hedimasta cikin ledarta, tana jiran batir. Benci kuwa, yara biyar a kan ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Wanda bai ga takardar maƙwabcinsa ba, sai dai in rufe ido ya yi yana rubutu.

Malamar lissafi ta shimfiɗa mini takardu biyar a tebur, ta Auta da ta abokan bencinsa huɗu. Duk biyar ɗin sun ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne. Har inda na farkon ya soke, sauran sun soke.

Na ce, "Malama, yaron nan ko satar ma bai iya zaɓen gidan shiga ba."

Ta yi murmushi ta ce, "Baban Auta, akwai doka ta biyu daga ofishin nan dai. Ajin da ya faɗi jarrabawa, malaminsa za a cilla inda mota ba ta zuwa. In na kore su, na bi doka. In na kau da kai, sun ci, na tsira da kujerata. A ciki wanne ne karatu?"

Gaba kura, baya sayaki. Wallahi ta ba ni tausayi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta raba su kusurwa-kusurwa a wani ajin da ba kowa, ta rubuta sababbin tambayoyi a allo, ni kuma ta ajiye ni a bakin ƙofa kamar mai gadi. Auta ya tauna biro, ya kalli silin, ya ƙirga yatsu. Da ta duba, talatin da ɗaya cikin ɗari.

Ta ce, "Ya faɗi, amma wannan nasa ne. Yanzu na san inda zan fara da shi. Kullum in an tashi ya tsaya."

Na ce, "Ofishin sama fa?"

"In sun zo, sa tarar da ni ina koyarwa."

Da yamma maƙwabcina tela ya gan ni ina washe baki, ya ce, "Malam, talatin da ɗaya kake wa murna?" Na ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, yarona yana nan a makaranta.

Ni dai ina ta tunani: da za a zaunar da wasu manyanmu su kaɗai a kusurwa, a ce su sake amsa abin da takardun shaidarsu suka ce sun sani, da Auta ne zai zo na ɗaya.