Rasuwar Ƙofofin USB na Ordinatar Kawu Rabo

A gafarce ni. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma akwai manya a gidan.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Zalika, a madadin shagon buga takardu na Kawu Rabo da ke hanyar gada, nake sanar da rasuwar ƙofofin USB huɗu na ordinatarmu, wato kwamfuta, ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako uku.

Marigayan masu haƙuri ne. Shekara tara suna karɓar kle ɗin kowa, wato filashi, na ɗan lekol mai karatu da na ɗan kasuwa. In an soka su ce “tu-dum”, in an zare su ce “dum-tu”.

Ciwon ya samo asali tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gada. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da suka maƙale suka mai da shagonmu zaure, Kawu kuwa ba ya iya hana baƙo cajin waya. Aka yi ta jona reshen caji kan reshe, waya goma sha ɗaya suna shan wuta a ƙofa guda. Da fari, in injin buga takarda ya tashi sai klabiye, allon maɓallan rubutu, ya daskare. Daga baya suri, ɗan ɓeran nan da ake ja da hannu, shi ma ya daina motsi.

Mamman mai gyara ya ce kowane sashe yana da layin da yake kiran ƙwaƙwalwar ordinata in yana da magana. Ƙofofin kuwa sun yi ta kira ba numfashi, har ta toshe kunnenta. Ya sauya musu layi, ya cire komai ya mayar ɗai-ɗai, shiru. Katin da zai maye gurbinsu yana Malanville, tsallaken ruwa. “Rabo,” in ji shi, “kirkinka ne ya kashe su.”

Sun bar klabiye, da suri, da injin bugawa da har yanzu bai san an yi rashi ba. Sun kuma bar wani dosiye a cikin ordinatar, ma'ajiyar rubutu, mai suna “Tsofaffin Wasiƙu”. Ba wasiƙu ba ne. Labarina ne na farko, shafi goma sha huɗu, da nake bugawa in Kawu ya tafi masallaci. Ba ni da kwafinsa ko'ina, yanzu kuma babu ta inda zai fita.

Gobe Alhamis bayan la'asar za a goge cikin ordinatar kaf, a kwance ta, a kai sassanta kasuwar Kamba. Ba a buƙatar taro.

Malam Mamman, na liƙa takardar nan ta bayan ordinatar, inda sai mai kwancewa zai gani. Don Allah kafin ka goge, ka ciro faifan ajiyarta ka kwashe mini dosiyen. Kada ka faɗa wa Kawu, shi kansa yana cikin labarin, a shafi na shida.

An idar da azahar, Kawu na hanyar dawowa. Bari in ɗauki kwanon abincinsa in bi ta ƙofar baya.