Ranar da Kawu Ya Yi wa Bakinsa Filasta

Don Allah don Annabi, duk wanda ya karanta wannan kar ya ce ni ce. Ko ka gane rubutuna ka yi shiru. A gidan Kawu nake zaune, in ya ji kashina ya bushe.

Kawuna magini ne, amma shi Injiniya yake kiran kansa. Kullum faɗi yake, "Idona ya fi kwamfuta! Ni ba na awo, kallo ɗaya nake yi." To katangar da ya yi wa kallo ɗayan ce ta rufto da shi, haƙoran gaba suka zube. Ga zaɓen shugaban magina ya matso, shi da wani dogo da ake ce wa Mai Guduma ne ke nema. Sai Kawu ya ɗaura takunkumi wai mura yake, kar a ga giɓin.

Likita ta dasa masa wasu ƙananan ƙusoshi a dasashi. Da suka kama, na raka shi awon haƙoran da za a ɗora a kai. Ta ce, "Baba, hanya biyu ce. Ko in zagaya bakinka da wannan na'urar hoton ya fito a allo, ko ka ciji kwaɓi. Duk suna fitowa daidai, amma kwaɓi sai ka natsu. In awo ya kauce ko kamar silin gashi, haƙori ba zai zauna ba."

Kawu ya yi tsaki. "Wannan tocilan ɗin? Yarinya, kawo kwaɓi, aikinmu ne!"

Ta cusa masa, ta ce kar ya motsa. Kawu da shiru? Yana ciki yana "Mmm ruwa ya yi yawa mmm!" Awo ya karkace. Aka sake, wayarsa ta yi ƙara, wallahi ya ɗauka! Likita ta ce, "Baba, gobe ka dawo mu yi da na'ura."

Muna zuwa gida ya ce, "Ba ta iya kwaɓi ba ne. Ke, riƙe min madubi." Ya ɗebo farar hodar nan da yake gyaran silin ɗaki da ita, ya dama a murfin gwangwani.

Gwaggo matarsa ta ce, "Malam, baki fa ba ɗaki ba ne."

"Ke dai zuba ido. Gobe zan kai mata awo ta koya."

Ya danna baki a ciki, har gashin baki. Karon farko a rayuwarsa ya natsu! Can ya fara zufa, ashe abin zafi yake in zai daskare. Ya ja, shiru. Gwaggo ta ja, ya bi ta har tsakar gida yana "Uuu! Uuu!" Ni dariya ta hana ni tsayuwa, madubin sai rawa yake.

Haka muka shiga tasi, murfi a gaba kamar bakin agwagwa. Takunkumi ya ƙi rufewa. Muna shiga asibitin, wa za mu gani a benci? Mai Guduma, ya kawo ɗansa cire haƙori!

Likita ta yi ta fama da ɗan injinta, ƙura na tashi, abu ya ƙi fashewa. Sai da ta aske rabin gashin bakin kafin murfin ya fita, ta ajiye shi a gefe. Mai Guduma ya leƙo, ya ga giɓi, ya ga ƙusoshi, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa ya ce, "Injiniya, barka! Yau dai ka yi ginin da bai rushe ba."

Kafin mu iso gida duk magina sun... wayyo, ga ƙarar silifas ɗin Kawu nan, yana kirana in kawo mad