Ramar Iya a Kan Farfela

"Riƙe gaisuwarka, ɓarawon rama! Ban kwana lafiya ba."

Da haka Iya Halimatu ta tari jikanta Nasrullahi, yana durƙushe bai ma kai ƙarshen gaisuwa ba. Ni ban ga laifinta ba. Duk Ɗanzomo an san da tufkar igiya take ci, masu shanun Maigatari har layi suke mata. Shi kuwa injiniyan namu ya kwashe damin ramarta kaf, ya kwaɓa da gam, wai zai yi wa injin iskar da ke jawo ruwan lambunta sabuwar farfela. Tsohuwar farfelar ta faiba ce, wata irin roba mai tauri, iskar hunturu ta tsage ta. Kwana uku ke nan albasar Iya ba ta ga ruwa ba.

Ya ce sabuwar ta faiba kuɗin rago biyu ce, ta ƙarfe kuma nauyi ya hana ta juyawa, ta katako gara ta cinye. Ta ce to ta ramar fa? Ya sunkuyar da kai. Ashe juyi goma ta yi ta karye.

"Kai ne mijin da za a yi tutiya da shi? Na sake ka, je ka auri fanka."

"Wa zai kwashe ki, amarya ba haƙori? Ni ma haƙuri nake."

"Karatun shekara biyar, ka ƙare a satar kayan tsohuwa!"

Ta fizge guntun farfelar ta duba bakin karayar. Nan ranta ya ƙara ɓaci, don ramar a cukurkuɗe take kamar sheƙar tsuntsu, ga danshi a ciki. Ta ce ko akuya ba a ɗaurewa da wannan. Rama sai ta bushe ƙayau, a taje ta, a jera ta a tsaye, sannan take ɗaukar ja. Abin da littafinsa ma ya faɗa ke nan, gaggawa ce ta ci shi.

"Na bi, Iya. Amma rama ta ƙare."

Ta harare shi, ta shige ɗaka. Sai ga ta da wani dami fari tas, tajajje, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin gado tun lokacin kaka. Ta jefa masa a cinya tana danne dariya.

"Kai kwaɓa gam ɗinka, ni zan jera. In albasata ta mutu, kai zan tufke in kai Maigatari."